Tashi da Kayan Gida Zuwa Wata Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Malamin da ya samu aiki a Maraɗi, amaryar da za a kai Damagaram, ɗalibin da zai ɗauki iyali zuwa Ingila, da magidancin da ya shekara goma sha biyar a Jidda yanzu zai dawo gida, duk tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Na tattara waɗanda aka fi yi, na amsa su gwargwadon nauyinsu.

Kayana ne, na ɗakina, ba sayarwa zan yi ba. Me ya haɗa ni da kwastan?

Jami'in da ke bakin iyaka bai san ka ba, bai san ɗakinka ba. Abin da yake gani mota ce shaƙe da kaya, kuma a rana ɗaya irinta nawa za su wuce ta gabansa, mafi yawansu na 'yan kasuwa. Kusan kowace ƙasa tana yafe kuɗin fito a kan kayan gida da aka riga aka yi amfani da su idan mai su ƙaura yake yi, amma ba ta yafewa a kan haja. To wa zai bambance? Kai ne. Nauyin nuna cewa wannan katifa taka ce ta kwanciya, ba ta kanti ba, a wuyanka yake, kuma ba da rantsuwa ake nunawa ba, da takarda ne.

Abubuwa uku jami'i yake dubawa: kayan tsofaffi ne ko sababbi, yawansu ya yi daidai da gida ɗaya ko ya zarce, kuma akwai shaidar cewa da gaske tashi kake yi. Talabijin ɗaya mai ƙura a baya kayan gida ce. Talabijin huɗu a kwalayensu, ko da kuwa 'yan'uwa za ka raba wa, haja ce.

Yaya ake rubuta jerin kayan?

Nan ne nake so a fi ba da ƙarfi, domin wannan takarda ita ce kan komai, kuma ita aka fi raina wa.

Kowane kwali, kowace bakko, kowane akwati a ba shi lamba da alƙalami mai kauri, a gefe biyu, ba a sama kaɗai ba, saboda idan aka jibga su ba a ganin saman. Sai a buɗe littafi a rubuta: lamba ta 1, tukwane shida da murafensu, lamba ta 2, kayan sawa na yara, lamba ta 3, littattafan karatu. A gaban kowanne a sa ƙimarsa ta yau, wato abin da zai yi idan aka kai shi kasuwa a yadda yake, ba kuɗin da aka saye shi ba. Kayan wuta kamar firji, talabijin, injin wanki da kwamfuta a rubuta sunan kamfani da lambar da ke jikinsu. A ɗauki hoton cikin kwali da waya kafin a rufe. A ƙarshe a sa kwanan wata da hannu, a yi kwafi aƙalla uku: ɗaya a hannunka, ɗaya wajen direba, ɗaya na ofis.

Kada a rubuta "tarkace" ko "kayan gida daban-daban". Na taɓa raka wani iyali zuwa wata iyaka, jerinsu ya yi kyau sai kwalaye biyar da aka rubuta wa "sauran kaya". Saboda waɗannan biyar ɗin aka ce a buɗe, su kuma suna can ƙuryar mota, sai da aka sauke komai a rana, gadaje da kujeru da kwanuka a ƙasa, uwargida tana tsaye da goyo tana kallo. Ba abin da ke ciki sai tsofaffin labulaye da takalma. Da an rubuta haka tun farko, da wataƙila ba a kai ga nan ba.

Idan Nijar, Kamaru ko Chadi aka nufa, a samu wanda zai juya jerin zuwa Faransanci. Da Hausa za ku yi magana da ɗan duwan, wato jami'in kwastan na can, a Ƙonni ko Ɗan Isa, amma takardar da zai ajiye a ofis da Faransanci take.

Bayan jerin, waɗanne takardu zan riƙe?

Fasfo ko takardar tafiya ta kowa da kowa har jarirai, katin rigakafin shawara, da shaidar dalilin tashi: takardar ɗaukar aiki, ta shiga makaranta, ta aure, ko yarjejeniyar hayar gida a can. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci akwai takardar sauya mazauni, wadda ke shaida cewa wane ya bar gari kaza zai koma gari kaza. Ɗan Nijar da ke tashi daga Kano ya fara da ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano kafin ya ɗaure kwali ko ɗaya. Rasiɗan manyan kaya kuma, idan suna nan, a haɗo su, domin su ne ke nuna tun yaushe ka mallake su.

Nijar ta fita daga ECOWAS. Shin hakan ya canza wani abu?

Tun yarjejeniyar 1979 ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar yana shiga wata ba biza ya zauna kwana 90. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa ranar 29 ga Janairu, 2025, amma a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga har sai an sanar da wani abu daban. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, waccan yarjejeniya ta mutane ce, ba ta taɓa nufin kaya su wuce ba bincike ba. Na biyu, kwana 90 na baƙo ne. Wanda zai zauna dindindin sai ya nemi takardar zama.

Abin da ya fi cutar da masu tashi shi ne rufe iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai a Disambar 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Saboda haka kada ka saki gidan haya ko ka biya direba duka kuɗinsa sai ka tabbatar, a makon tafiyar, cewa ana wucewa ta inda za ka bi.

Ta wace iyaka zan bi? Wani ya ce zai bi da ni ta daji, ya fi sauƙi.

Daga Katsina zuwa Maraɗi, Jibiya ce sai Ɗan Isa. Daga Sakkwato, Illela sai Birnin Ƙonni. Mai zuwa Damagaram ya bi ta Daura da Kwangwalam zuwa Matamaye, ko ta Maigatari. Daga Kabi kuma Kamba ce zuwa Gaya. Mai zuwa Njamena ta Borno zai ratsa Kamaru ne tukuna, ta Gamborun Ngala da Fotokol da Kusuri, ke nan iyaka biyu, bincike biyu. Mai zuwa Gana ta gaɓar teku kuwa uku zai tsallaka: Seme, sannan tsakanin Benin da Togo, sannan Aflawo.

Maganar daji, kada ka soma. Da zarar kayanka sun kauce wa ofis, sun zama fasa-ƙwauri a idon doka, ko da kuwa tabarmi ne da butoci. Idan 'yan sintiri suka tare ku a gaba, ba ka da tambarin da za ka nuna. Ga kuma halin tsaro da kowa ya sani a dazuzzukan yankin. Ka isa iyaka da safe, a ranar aiki, ka bi layi.

Mota ɗaya za ta kai har can, ko sai an sauya a iyaka?

Wadda za ta kai har ƙofar gida ta fi, ko da ta ɗara a kuɗi, domin a wajen sauke-da-lodi ne madubin sif ke fashewa, ƙafar kujera ta ɓalle, ƙaramin kwali ya yi ɓatan dabo. Amma ka tambayi direba tun a tasha: yana da takardar izinin shiga da mota, yana da inshorar da ke aiki a can, ya saba bin hanyar? Ku yi magana a gaban shugabannin tasha, a rubuta: nawa ne, wa zai biya 'yan dako, wa ke da alhakin kuɗin hanya, me zai faru idan aka kwana a iyaka. A ba shi rabi, rabi sai an sauke. Tamfol mai kyau da igiya wajibi ne, ba a damina kaɗai ba. Ƙurar hunturu ma tana gama wa kujeru.

Malam, 'yata zan aurar zuwa Damagaram. Kayan ɗakinta duk sababbi ne. Yaya za mu yi?

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Wannan ita ce tambaya mafi wuya, domin duk abin da na faɗa a sama a kan tsofaffin kaya ya ginu, kayan amarya kuwa daga gado har cokali a ledarsu suke. Kada ku yi ƙoƙarin nuna su a matsayin tsofaffi. Ku riƙe takardar ɗaurin aure da katin gayyata, ku rubuta jerin da sunan amarya, ku haɗa rasiɗan, sannan wani namiji daga dangin ango da ke can ya je ofishin duwan kwana biyu ko uku kafin ranar jere ya yi bayani, ya ji abin da za a biya. Ku sa wannan kuɗi a cikin lissafin biki tun farko, kamar yadda kuka sa na kafinta.

Shawarata kuma, manyan katakai a sa a yi su a can. Akwai kafintoci a Damagaram da Maraɗi, kuma gadon da bai hau mota ba ba ya karyewa. A tsallaka da abin da ido ya zaɓa: kwanuka, tangaran, labulaye, zannuwan gado, turaren wuta. Garar amarya kuma, wato kayan abincin da ake kai mata, a yi hankali da ita, ga dalili a ƙasa.

Tunda ana maganar kayan ɗaki, bari in ja kunnen magidanta. Idan tashi ya zo ana cewa a sayar da wannan a bar wancan, a tuna gado da sif da kwanukan nan na matar ne, iyayenta suka yi mata. Ba a sayar da su sai da yardarta, kuɗin kuma nata ne.

Zan iya tafiya da buhunan abincin da na ajiye?

Ɗan abin miya ba ya tayar da magana: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji. Buhuna su ne matsala. Masara tana cikin jerin kayan da Najeriya ta hana fitarwa. Shinkafar waje kuma an hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa tun 2016. A ɗaya ɓangaren, a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero, dawa, masara da shinkafa, in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba. Buhu goma a bayan motar kayan gida zai iya jawo a riƙe motar gaba ɗaya. Ka sayar a nan ka saya a can, ko ka bar wa 'yan'uwa.

Masu tafiya nesa kuwa su sani Ingila ba ta yarda a shigar da nama da kayan madara daga ƙasashenmu ba, ke nan kilishi, dambun nama da man shanu sun fita. Amurka ma tana tsananta wa nama da tsirrai da iri. Goro kuma kada a nufi Saudiyya da shi.

Maƙwabci ya ba ni saƙo in kai wa ɗan'uwansa. In ƙi?

Kada ka ƙi, amma ka buɗe a gabansa, ka ga komai da idonka, kai ka rufe. Wanda ya ji haushin haka, to bar masa kayansa. Duk abin da aka samu a cikin lodinka naka ne a wurin hukuma, kuma mutane da dama sun shiga ɗaurin da ba su ji ba ba su gani ba saboda ƙwayoyi irin su tiramadol da aka cusa a cikin saƙo. A Saudiyya laifin safarar ƙwaya yana kaiwa ga hukuncin kisa. Haka nan ka hana direba ƙara lodin wani a kan naka, ka kuma kasance a wurin har a ɗaure tamfol.

Ingila ko Amurka zan koma. Mece ce ƙa'idarsu?

Ingila tana da rangwamen sauya mazauni, ana neman sa ta intanet da fom mai suna ToR1, kuma kafin kaya su tashi ake nema, ba bayan sun isa ba. Sharaɗin shi ne ka zauna a wajen ƙasar wata 12 a jere, kayan sun yi aƙalla wata 6 a hannunka, su shiga cikin wata 12 da zuwanka, kuma kada ka sayar ko ka ba da aronsu a cikin wata 12 na farko. Ƙasashen Tarayyar Turai ma kusan haka suke. Amurka tana yafe fito ga kayan gidan da aka yi shekara guda ana amfani da su, kuma kayan da ba sa tare da kai ana cika musu fom mai lamba 3299. A Kanada, ranar da ka fara sauka ake son ka miƙa jerin kayan da za su biyo ka daga baya. Abin da ba ya cikin jerin nan zai iya jawo biya.

Jirgin ruwa ko na sama?

Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin kubik mita 33, mai ƙafa 40 kuma kimanin 67. Wanda kayansa ba su kai ba yana iya haɗa kwantena da wasu, a biya gwargwadon wurin da aka ci, sai dai takan jira ta cika kafin ta tashi, kuma matsalar mutum ɗaya tana iya tsayar da kayan kowa. Jirgin ruwa makonni yake ɗauka, wani lokaci watanni.

Jirgin sama kwanaki ne, amma akwai lissafin da ke ba mutane mamaki. Ba nauyi kaɗai ake aunawa ba, har da girma: a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6,000. Kwali mai 60 da 50 da 40 zai ba da kilo 20, ko da filo biyu ne a ciki. Duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli, shi za ka biya.

A gaskiya, ga mafi yawan masu barin Najeriya ko Nijar zuwa Turai, kwantena asara ce. Gidajen can ƙanana ne, ƙofofi da matattakala matsattsu, kujerun falonmu ba za su shiga ba. Tufafi, littattafai, takardu, 'yan kayan girki da aka saba da su, su ne suka cancanci kuɗin jirgi.

Kayan wuta fa?

Wutar Najeriya da Nijar da Ingila duk tsakanin bolt 220 zuwa 240 take, sai dai bakin soket ya bambanta: Najeriya mai ƙafa uku irin na Ingila, Nijar mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa. Wannan adafta ce maganinsa. Amurka da Kanada kuwa bolt 120 ne, kayansu da yawa idan aka jona a nan kai tsaye ƙonewa suke yi. Tukunyar gas, fetur a cikin janareta, fenti da manyan baturan sola kaya ne masu haɗari a dokar sufuri. Kada ka ɓoye su a cikin lodi. A tsiyaye janareta tas, firji kuma a kashe shi kwana guda kafin lodi ya bushe, a ɗauke shi a tsaye.

Ni dawowa gida zan yi bayan shekaru a waje. Me Najeriya ta tanada?

Ɗan Najeriya da ya zauna a waje aƙalla wata 9 yana da rangwame a kan kayan gidansa na amfani, idan sun iso cikin wata 2 da dawowarsa, ko cikin ƙarin lokacin da hukumar kwastan ta yarje masa. Kayan da ba su zo tare da kai ba ana cika musu takardar da ake kira PUBD. Sunan da ke kan takardar lodin jirgi ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya cinye maka mako.

Tsofaffin firji, na'urar sanyaya ɗaki da kwamfuresa suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, haka ma gwanjo. Kayan sawarka naka ne, amma dila-dila na tsofaffin tufafi "na rabon sadaka" za su jawo tambaya.

Babban abin da ke cin kuɗi a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Kan da ke Legas ba fito ba ne, jinkiri ne. Kwanakin kyauta kaɗan ne, daga nan kamfanin jirgi da masu tasha kowa zai fara lissafa kuɗin kwana. Saboda haka ejan fito da kaya mai lasisi ya karɓi takardunka tun jirgi yana kan ruwa, ba ranar da ya iso ba, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasiɗi. 'Yan Arewa su tambayi kamfanin ko zai rubuta kwantenar zuwa tashar tudu ta Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, ko ta Dala a Kano, wadda aka buɗe a 2023, domin a yi binciken kusa da gida. Mutumin Nijar kuma ya tuna kayansa sai sun sauka a tashar wata ƙasa, Kwatano ko Lome, kafin su kamo hanya, kuma tun rikicin 2023 da ya rufe iyakar Benin lodi da yawa ya koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada.

In haɗo da motata?

Mota ba ta cikin rangwamen kayan gida a Najeriya, fitonta daban ake biya. Wadda aka saya a Ingila sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, irin waɗannan motoci ba a yarda da su ba. A farkon 2017 kuma aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka kada kowa ya ruɗe ka da arahar saukewa a maƙwabta. Mai barin Saudiyya ya tuna bizar fita ta ƙarshe ba ta fitowa matuƙar akwai mota da sunansa, sai ya sayar ko ya kammala takardun fitar da ita.

Kuɗi da gwala-gwalan uwargida?

Ba sa shiga kwali, ba sa shiga kwantena, a jiki suke tafiya. Dokar Najeriya ta ce wanda ke ɗauke da abin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinsa ya bayyana wa kwastan. Ba haramun ba ne ɗaukar su, ɓoyewar ce laifi, kuma tana iya jawo a ƙwace. Zinare a riƙe rasiɗinsa. Mai zuwa Kamaru ko Chadi ya sani sefarsu daban take da ta Nijar, takardar wannan ba ta ci a kasuwar wancan.

Ina da littattafan kakana na rubutun hannu da tsohon takobinsa. Zan iya fita da su?

Dokar kayan tarihi ta Najeriya ta 1979 tana ɗaukar ayyukan hannu da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, kuma ba a fita da su sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ko sabon sassaƙa ne mai kama da tsoho, gara a karɓo takardar da ta ce ba na tarihi ba ne. Takobi kuma makami ne a wurin kowace ƙasa.

Amma ko da izini ya samu, ni ba zan so a sa irin waɗannan littattafai a kwantena ba. Makonni a kan teku, zafi da rana, sanyi da dare, raɓa tana taruwa a cikin ƙarfen tana ɗiga, takarda kuma ba ta jure wannan. A ɗauki hotonsu shafi-shafi, a tafi da hoton, asalin ya zauna a gafakarsa a gidan gado wajen wanda zai kula.

Idan kaya suka lalace ko suka ɓata, wa zai biya?

Abin da kamfanin sufuri ke biya da kansa kaɗan ne ƙwarai, galibi da nauyi ake lissafawa ba da ƙima ba. Inshora daban ake saya, kuma a kan jerin nan da ka rubuta ake gina ta. Abin da ba ya ciki ba a biyansa. Kamfanoni da yawa ba sa biyan fashewar abin da kai ka ɗaure da hannunka, sai wanda ma'aikatansu suka ɗaure, saboda haka ka tambaya kafin ka zaɓa. Ranar sauke kaya ka tsaya da jerin a hannu kana kiran lamba ɗaya bayan ɗaya. Kwalin da ya jiƙe ko ya lotse ka ɗauki hotonsa, ka rubuta a kan takardar karɓa kafin ka sa hannu.

Me zan riƙe a hannuna, kada ya bi mota?

Fasfo, takardun haihuwa da na aure, takardun makaranta na asali, sakamakon yara na zangon ƙarshe don samun gurbi a can, katin rigakafinsu, takardun fili da na gida, magungunan da ake sha kullum tare da takardar likita, cajar waya, da kwafin jerin kaya. Sai jaka ɗaya ta kwana uku: kayan sawa, tabarma ko darduma, buta, gidan sauro, ƙaramar tukunya, kofuna da abincin yara. Mota takan yi latti, kuma daren farko a sabon gari yawanci a ɗaki wayam ake yin sa.